Tower Hamlets: Leba Ta Rasa Gidanta Tun Kafin Yaƙin Gaza

Tun daga zaɓen ƙananan hukumomin Ingila na ranar 2 ga Mayu 2024, duk wani babba a jam'iyyar Leba da aka tambaya me ya sa unguwannin Musulmi suka juya musu baya, amsarsa ɗaya ce: Gaza. A Oldham jam'iyyar ta rasa rinjayen da ta yi shekara 13 tana riƙe da shi, aka ce Gaza. A Kirklees ma haka. Bayan wata biyu 'yan takara masu zaman kansu suka ƙwace kujerun majalisar dokoki a Leicester ta Kudu, da Blackburn, da Dewsbury, da Perry Barr ta Birmingham, aka sake cewa Gaza. Amsar tana yi wa shugabannin jam'iyya daɗi, domin ta ɗora laifin a kan wata ƙasa mai nisa, kuma tana kwantar musu da hankali cewa da yaƙi ya lafa masu ƙuri'a za su dawo da ƙafarsu. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin sakamakon wani zaɓe da aka yi wata 17 kafin ɓarkewar yaƙin ranar 7 ga Oktoba 2023.

Ranar 5 ga Mayu 2022 rana ce ta murna ga Leba a Landan. Ta karɓe Wandsworth, wadda ke hannun jam'iyyar Conservative tun 1978. Ta karɓe Westminster, wadda ba ta taɓa mulka ba tun da aka kafa ta. Ta haɗa da Barnet. Amma a Tower Hamlets, tsakiyar gabashin birnin, inda ake ganin Leba ta gaji ƙasa, aka yi mata kaye na ban mamaki. A 2018 tana da kansiloli 42 cikin 45. A 2022 ta koma 19. Jam'iyyar Aspire, wadda ba ta da reshe a ko'ina sai wannan ƙaramar hukuma, kuma ba ta ci kujera ko ɗaya ba a 2018, ta samu 24. Conservative ɗaya, Green ɗaya. Kujerar magajin gari kuwa, wadda ita ce mai riƙe da kasafin kuɗi da naɗin muƙamai, Lutfur Rahman na Aspire ya karɓe ta daga hannun John Biggs na Leba da ƙuri'a 40,804 a kan 33,487.

Wanda ya ci zaɓen shi ne abin da ya fi ɗaure wa 'yan jaridar Landan kai. Shekara bakwai kafin nan, a Afrilun 2015, kotun zaɓe ƙarƙashin Richard Mawrey ta tsige Rahman daga wannan kujera, ta haramta masa takara na shekara biyar. Ta same shi da laifin yi wa Biggs ƙazafin wariyar launin fata, da karkatar da kuɗin tallafin ƙungiyoyi don neman ƙuri'a, ta kuma ce an yi aringizo a rajistar masu zaɓe da ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya. 'Yan sanda ba su gurfanar da shi ba, sun ce hujjar ba ta isa shari'ar laifi ba, amma hukuncin kotun yana nan, kuma a 2017 aka soke lasisinsa na lauya. Ba na cikin masu wanke shi. Abin da nake so a tsaya a kai shi ne mutum dubu arba'in da suka san duk wannan tarihi, suka auna shi da mulkin Leba na shekara bakwai, suka ga gara shi.

Wanda ya tsaya a bakin titin Commercial Road ko a tashar Shadwell ya ɗaga kai gabas, dogayen benayen Canary Wharf zai gani, inda manyan bankunan duniya ke juya biliyoyin fam. Duk cikin ƙaramar hukuma ɗaya ne. A ƙarƙashin inuwarsu akwai tsofaffin benayen hukuma inda iyali mai mutum shida ko bakwai ke zaune a gida mai ɗaki biyu, yara suna aikin makaranta a kan gado, bango ya yi baƙi saboda danshi. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 310,300 ne a Tower Hamlets, ita ce ta fi kowace ƙaramar hukuma a Ingila cunkoso, kuma ta fi kowacce saurin ƙaruwa, kashi 22 cikin ɗari a shekara goma. Alƙaluman ƙawancen End Child Poverty sun sha sanya ta a sahun farko wajen talaucin yara, har a wasu shekarun fiye da rabin yaranta ne ke cikin talauci idan an cire kuɗin haya. Iyalai fiye da 20,000 ne ke layin jiran gidan hukuma, kuma mai neman gida mai ɗaki uku ko huɗu yana iya jira har yaran da ake neman gidan dominsu su girma. A Maris 2023 gobara ta tashi a wani gida mai ɗaki biyu a Shadwell daga batirin keke mai lantarki. Kusan mutum ashirin ne ke kwana a ciki a kan gadaje masu hawa biyu, akasarinsu ɗalibai da masu kai saƙon abinci, kuma mutum ɗaya ya rasu. Wannan shi ne yanayin da ake jefa ƙuri'a a cikinsa.

Ba Leba ce ta ƙirƙiro wannan ƙunci ba. Dokar gwamnatin Firayim Minista Thatcher ta 1980 ta ba masu haya damar sayen gidajen hukuma, ba a gina madadinsu ba, da yawansu kuma suka ƙare a hannun masu gidajen haya. Daga 2010 gwamnatin Conservative ta shiga tsuke bakin aljihu, kuma ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya ƙiyasta cewa kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomi ya ragu da kusan rabi a cikin shekara bakwai. Duk wanda ya riƙe Tower Hamlets a lokacin dole ya yanka wani abu. Amma yadda ake yankan, da yadda ake magana da wanda aka yanka wa, shi ne siyasa. A zamanin Biggs aka fara karɓar kuɗi a kan kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, hidimar da a baya kyauta ce. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, ma'aikatan hukumar suka shiga yajin aiki saboda an tilasta musu sabon tsarin kwantiragi da barazanar sallama da sake ɗauka. Jam'iyyar da ƙungiyoyin ƙwadago suka haifa ce ta yi haka ga dubban ma'aikatanta, waɗanda da yawansu 'yan unguwa ne masu ƙuri'a, masu dangi masu ƙuri'a.

Sai maganar tituna, wadda daga nesa za a ɗauka ƙaramar magana ce. Hukumar Biggs ta ɓullo da shirin toshe wasu titunan cikin unguwa, ta dasa shinge da tukwanen furanni don rage motoci da hayaƙi. A ƙa'ida shirin yana da kyau, domin iskar gabashin Landan tana cutar da huhun yara, kuma yawancin gidajen Tower Hamlets ba su da mota ma. Amma wa aka tambaya? Direban tasi, da mai kai kaya, da matar da ke zagayen gidajen tsofaffi tana kula da su, da ɗan da ke kai mahaifiyarsa asibitin Royal London, su ne suka ga tafiyar minti biyar ta koma ta minti ashirin. A idonsu an gyara unguwa ne don sababbin zuwa masu keke da albashi mai tsoka, an tura cunkoson zuwa manyan titunan da talaka ke zaune a bakinsu. Rahman ya yi alkawarin buɗe titunan, kuma wannan alkawari kaɗai ya ja masa ƙuri'ar mutanen da ba ruwansu da masallaci ko yankin Silhet na Bangaladash.

Amma babban dalili a wajena shi ne raini, kuma yana da tarihi mai ranar farawa. A Satumban 2010 'yan jam'iyyar Leba na Tower Hamlets suka yi zaɓen fid da gwani, Rahman ya yi nasara. Kwamitin zartarwa na ƙasa ya soke takararsa bisa wani ƙorafi, ba tare da an saurare shi ba, ya miƙa tuta ga Helal Abbas, wanda ya zo na uku kuma shi ne mai ƙorafin. Rahman ya tsaya da ƙafarsa, ya ci fiye da rabin ƙuri'un a zagayen farko. Daga ranar mutanen Whitechapel da Stepney suka fahimci cewa jam'iyyar tana son ƙuri'arsu amma ba ta amince da zaɓinsu ba. A 2021 kuma, da wa'adin haramcin Rahman ya ƙare, shugabannin Leba na yankin suka kira ƙuri'ar raba gardama don a soke kujerar zaɓaɓɓen magajin gari gaba ɗaya, a koma tsarin da kansiloli ke zaɓen shugaba a tsakaninsu. Kowa ya gane cewa ƙofa ake son rufe wa mutum ɗaya. Kusan kashi 78 cikin ɗari suka ce a bar kujerar. Duk mai hankali da ya ga wannan adadi ya san abin da ke tafe bayan shekara guda, amma jam'iyyar ta sake tsayar da Biggs, ta yi kamfe da tarihin shari'ar 2015, kamar jama'a ba su ji labarin ba.

Mutanen da ake yi wa haka ba baƙi ba ne a siyasar unguwar. A daren zaɓen ƙananan hukumomi na 4 ga Mayu 1978 aka kashe Altab Ali, matashin tela ɗan Bangaladash, a kan hanyarsa ta komawa gida, kuma filin shaƙatawar da ke Whitechapel sunansa yake ɗauke da shi har yau. Wannan kisa ne ya fito da matasan Bangali kan titi, daga titi suka shiga Leba, suka cika rassanta, suka zama masu ƙwanƙwasa mata ƙofa gida gida. A 1993 da jam'iyyar BNP ta masu wariyar launi ta ci kujerar kansila ta farko a Millwall, da ƙuri'arsu aka kore ta bayan 'yan watanni. Sun yi wa jam'iyyar bauta ta shekara arba'in. Wanda ya yi irin wannan hidima, in aka nuna masa cewa har yanzu a tsakar gida zai tsaya ba a ɗaki ba, zafin da zai ji ya wuce na baƙo.

Kuma ba a Tower Hamlets kaɗai abin ya bayyana kafin Gaza ba. A Leicester, gabanin zaɓen Mayun 2023, uwar jam'iyya ta hana kansilolinta 19 masu ci sake tsayawa, yawancinsu 'yan asalin Asiya da Afirka, kuma kujerunta suka faɗo daga 53 zuwa 31. A Yulin 2023 ɗan takara mai zaman kansa ya kayar da ita a mazaɓar Boleyn ta Newham, maƙwabciyar Tower Hamlets. Oldham ɗin da ake kafa hujja da ita ta fi kowacce tona asiri: shugabannin majalisarta uku a jere sun faɗi a mazaɓunsu, Sean Fielding a 2021, Arooj Shah a 2022, Amanda Chadderton a 2023, kuma a unguwannin da Turawa suka fi yawa. Gaza ta tarar da bango ya riga ya tsage.

Masu cewa ƙabilanci da addini ne kawai suna da abin riƙewa, dole a ba su wannan. Kashi 34.6 na mutanen Tower Hamlets 'yan asalin Bangaladash ne, kashi 39.9 Musulmi, kuma zumuncin ƙauyukan Silhet yana aiki a rumfar zaɓe. Kotun 2015 ta kafa hujja da wata wasiƙa da limamai 101 suka sanya wa hannu suna kiran a zaɓi Rahman, abin da mu da muka saba jin tallar ɗan takara daga kan mumbari ba zai ba mu mamaki ba, amma a dokar Ingila laifi ne. Alƙaluman 2022 ma sun nuna iyakar farin jininsa: a tsarin wancan lokaci, inda mai zaɓe ke nuna zaɓi na farko da na biyu, Rahman ya samu 39,533 tun zagayen farko, amma 1,271 kacal suka ƙaru masa a na biyu, alhali Biggs ya ƙara 5,593. Gaskiya ne kuma cewa a 2018 magoya bayansa sun rabu gida biyu, shi kansa yana ƙarƙashin haramci. Sai dai wannan bayani ya gaza a wuri ɗaya. A mazaɓu da dama ɗan Bangali ne na Aspire ya kara da ɗan Bangali na Leba, masallaci ɗaya suke sallah. Asali bai raba su ba, tuta ce ta raba su. Kuma an taɓa gwada siyasar fushin yaƙi zalla a nan: George Galloway ya kayar da Oona King ta Leba a 2005 saboda yaƙin Iraƙi, jam'iyyarsa ta Respect ta ci kansiloli 12 a 2006, cikin 'yan shekaru ta watse. Fushin yaƙi ya ba da 12 ya tafi. Maganar gida da abincin yara ta ba da 24.

Ba ina rage wa Gaza nauyi ba ne. Hirar da shugaban Leba Keir Starmer ya yi da gidan rediyon LBC ranar 11 ga Oktoba 2023, inda aka fahimci yana cewa Isra'ila na da haƙƙin yanke wa Gaza ruwa da wuta, ta ƙona zukata, kuma gyaran da ya yi bayan kwanaki bai kashe wutar ba. Shugaban majalisar Burnley da kansiloli goma sun fice daga jam'iyyar a Nuwamba. A zaɓen 2024 Rushanara Ali ta Leba ta tsira a Bethnal Green da tazarar ƙuri'a ƙasa da dubu biyu, a kujerar da a da ake lissafa tazararta da dubun dubata. Amma abin da mutane suka ji a wannan hira shi ne muryar da suka riga suka sani daga ofishin gidaje da zaɓen fid da gwani: mun ji ku, ba za mu canza ba, kuma ba ku da wurin zuwa. Makonni kaɗan da hawa mulki, gwamnatin Leba ta dakatar da 'yan majalisarta bakwai, har da Apsana Begum ta Poplar da Limehouse, saboda sun jefa ƙuri'ar soke dokar da ta taƙaita tallafin yara ga 'ya'ya biyu. A mazaɓar da iyalai masu yara huɗu da biyar suka cika, wannan saƙo ba ya buƙatar tafinta.

To me nasarar Aspire ta haifar? Wani ɓangaren yana shiga ciki kai tsaye. A Satumban 2023 Tower Hamlets ta zama ƙaramar hukuma ta farko a Ingila da ke ciyar da dukan ɗaliban sakandare abincin rana kyauta, bayan na firamare da suka daɗe suna samu. An dawo da alawus ga ɗaliban da suka wuce shekara 16, wanda gwamnatin tsakiya ta soke a Ingila tun farkon tsuke bakin aljihu, an ƙara da tallafin fam 1,500 ga masu shiga jami'a. Da gwamnatin Starmer ta yanke kuɗin ɗumama ɗaki ga yawancin 'yan fansho a 2024, hukumar ta ba tsofaffinta masu ƙaramin ƙarfi fam 175. An dawo da kula da tsofaffi a gida kyauta. Hukumar Ofsted mai sa ido kan makarantu da kula da yara, wadda a 2017 ta ce sashen kula da yara na Tower Hamlets ya gaza, ta ba shi matsayi mafi girma a farkon 2025. Uwar da ke da yara uku a sakandare ta san adadin fam ɗin da ya rage a jakarta kowane mako, kuma babu rahoton jarida da zai goge mata wannan lissafi.

Ɗaya ɓangaren kuwa shi ne ke damuna. Kansiloli 24 da Aspire ta ci a 2022 dukansu maza ne, dukansu 'yan asalin Bangaladash, a ƙaramar hukumar da kashi biyu cikin uku na mutanenta ba Bangali ba ne, kuma rabinsu mata ne. Ina Somaliyawa, waɗanda kakanninsu ma'aikatan jirgin ruwa suka zauna a bakin tashoshin nan tun ƙarni na 19? Ina matan Bangali da suka yi layi suka jefa ƙuri'ar? Jam'iyyar da ta tashi don an hana mutanenta shiga ɗaki bai kamata ta rufe nata ɗakin haka ba. An yi alkawarin ba za a ƙara harajin gidaje ba, daga baya aka ƙara. Shawarar cire shingayen titunan Bethnal Green an yanke ta ne duk da cewa masu rinjaye a jin ra'ayin jama'a sun nemi a bar su, har maganar ta kai kotu. A Fabrairun 2024 minista Michael Gove na gwamnatin Conservative ya tura masu bincike, kuma rahotonsu na Nuwamba ya bayyana hukumar da rashin yarda ya yi wa katutu, inda 'yan tsirarun na kusa da magajin gari ke yanke hukunci, ma'aikata kuma ke shakkar faɗin gaskiya. Magoya bayan Rahman sun ce bi ta da ƙulli ne, kuma ganin tarihin 2010 ba za a ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Amma gwamnatin Leba ce ta naɗa wakilan sa ido a Janairun 2025, ta hannun minista Jim McMahon, tsohon shugaban majalisar Oldham, kuma abin da rahoton ya zayyana ya yi kama da abin da wasu masu binciken gwamnati suka gani a 2014, a mulkin Rahman na baya. Abu ɗaya in ya maimaitu sau biyu a hannun mutum ɗaya, ba a kiransa sharrin maƙiya kawai.

Illa mafi girma ita ce darasin da 'yan siyasa suka ɗauka. A unguwannin Musulmi an ga cewa ana iya kayar da Leba da ƙungiyar gida wadda ba ta da tsari sai mutum ɗaya da amintattunsa. A garuruwan Turawa talakawa, inda ƙorafin gida da asibiti da raini iri ɗaya ne, jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ce ta kwashe, ta ci kansiloli 677 da majalisu goma a Mayun 2025, har da Durham da Leba ta yi kusan ƙarni tana mulka. Talakan Stepney da talakan Durham ciwonsu ɗaya, amma yanzu kowannensu yana cikin rumfar da ke nuna masa ɗayan a matsayin matsala. Jam'iyyar da aikinta na asali shi ne haɗa su a inuwa ɗaya ita ce ta sake su.

Idan Leba na son Tower Hamlets da Oldham su dawo, sauya kalamai a kan Falasɗinu ba zai wadatar ba. Sai ta bar 'yan reshe su zaɓi 'yan takararsu ko da uwar jam'iyya ba ta son fuskarsu, sai kuma ta gina gidajen da iyali mai yara huɗu zai iya biyan hayarsu. Su kuma mutanen Tower Hamlets, da suka nuna cewa ƙuri'arsu ba gadon kowa ba ce, su riƙe Rahman da ma'aunin da suka riƙe Biggs. Ya yi alkawarin gidajen haya masu rahusa 4,000 a cikin shekara huɗu. A ƙirga waɗanda aka miƙa wa makulli, a kuma tambaye shi mata nawa da waɗanda ba Bangali ba nawa zai tsayar takara.